Neman zaman masu barin giya a Kaduna: nazarin lamarin wani magidanci

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa magidanci ne mai shekara 43, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. A Tudun Wadan Kaduna yake zaune, gidan haya, ciki da falo. Aikinsa kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke Kakuri, don haka kullum sai ya haye gadar kogin Kaduna da safe, ya sake hayowa da yamma. An sakaya sunansa da na duk wanda ya shigo cikin labarin.

Wannan gada tana da muhimmanci a lamarin. Tun bayan rikicin shekarar 2000 mazauna garin suka rabu, Musulmi galibi a arewacin kogi, Kirista galibi a kudu. Gidajen giya na fili sun fi yawa a kudu, wajen Kakuri da Television da Sabon Tasha. Ɗan Tudun Wada zai iya zama can ya sha son ransa ba tare da idon sani ya faɗa kansa ba. A unguwarsa kuwa, a ce masa mashayi ba ƙaramin abu ba ne. A mazhabar Malikiyya haddin shan giya bulala 80 ne, amma shi bai taɓa kawo bulala a lissafinsa ba. Abin da yake tsoro shi ne ranar da za a zo neman auren 'yarsa a yi bincike, da kallon da za a yi masa a sahun masallacin layinsu.

2009 zuwa 2020: yadda shan ya yi ƙarfi

Ya fara ne a 2009, yana da shekara 27, tare da abokan aiki ranar albashi. Kwalba ɗaya ko biyu, a ci nama, kowa ya kama gabansa. Zuwa 2016 abin ya zama na kullum, manyan kwalabe uku kafin ya hau motar gida. Daga nan ya koma wa barasar leda, domin ta fi arha, ta fi ƙarfi, tana shiga aljihu, kuma ba ta buƙatar a zauna a mashaya. Goro da kanumfari ba sa rabuwa da bakinsa saboda wari.

Kullen korona na 2020 ya rufe mashaya, shi kuma ya sari ledoji da yawa ya ɓoye a bayan janareto. A wannan zaman gida ne ya fara sha da safe, domin idan ya tashi hannunsa na karkarwa har ba ya iya riƙe kofin shayi, sai ya tsotsi leda biyu sannan ya daidaita. Likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin babbar alamar cewa jiki ya riga ya dogara da giya. A ƙarshen shekarar yana shan leda 10 zuwa 12 a rana, ban da kwalba biyu a ranakun aiki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na albashinsa a nan yake tafiya.

2021: rantsuwa, rubutu da maganar gidan mari

A watan Maris uwargidansa ta tarar da ledojin. Ba ta yi hayaniya ba, ta je ta sami yayansa.

Yaya ya kira shi ɗaki, ya ɗauko Alƙur'ani ya ce ya dafa. Ya dafa, ya rantse, yana kuka. Kwana 9 ya yi bai sha ba. Da ya karya, ya ciyar da miskinai 10 ya yi kaffara, bai gaya wa kowa ba.

Sai aka koma wajen wani malami, aka karɓo rubutu da tofi, daga baya aka yi masa ruƙya. Ya rage shan na mako uku, amma bai daina na safe ba, don in bai sha ba ba ya iya rubuta lissafin kaya a wurin aiki.

Wani kawunsu ya kawo shawarar a kai shi gidan mari. Yaya ya ƙi. Kowa a Kaduna yana tune da Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa suka fito da mutum fiye da 300, maza da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa. A watan Nuwamba matar ta yi yaji, sai bayan mako biyar aka yi biko. A watan ne kuma ya karɓi takardar gargaɗi a wurin aiki saboda kaya sun ɓace a lissafinsa.

Afrilu 2022: faɗuwa da kwanciya asibiti

A azumin baya yakan jira sai bayan sallar asham ya sha a ɓoye. A azumin 2022, wanda ya kama a farkon Afrilu, ya ƙudurta yankewa gaba ɗaya. Ranar farko zufa da amai da bugun zuciya. A dare na biyu ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Washegari ya fara surutai, yana nuna bango wai ƙwari na saukowa. Maƙwabta suka ce iska ce. Matarsa ce ta ja yaya gefe ta ce, "Yaya, ba iska ba ce, abin nan ne ya bari." Aka ɗauko keke aka kai shi asibitin gwamnati.

Abin da ya same shi sananne ne. Wanda jikinsa ya saba da giya, idan ya yanke farat ɗaya, alamu kan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga ta fi zuwa a kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane kuma a rana ta biyu zuwa ta huɗu. Wannan mataki na ƙarshe yana iya kisa idan ba a kula ba. An ba shi diazepam, maganin kwantar da jijiyoyi, ana rage masa a hankali, da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, da ƙarin ruwa. Kwana 12 ya yi a gado.

Da ya dawo hayyacinsa wata nas ta zauna da shi da takardar tambayoyi 10 ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira AUDIT. Ya fara cewa ai leda biyu ce kawai. Ta ajiye biro ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Leda nawa?" Ya faɗi gaskiya. Ya sami maki 31 cikin 40, alhali daga 20 ake zargin dogaro da giya. Gwajin jini ya nuna hanta ta fara taɓuwa.

Ranar sallama likita ya ce ya riƙa zuwa duk wata, kuma ya nemi zaman masu barin giya. Ya rubuta masa haruffa biyu a bayan kati: AA.

Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato AA, ta masu taimakon juna wajen barin giya, ta samo asali ne a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, daga haɗuwar mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, waɗanda suka lura cewa hira da juna tana hana su komawa kwalba. Ba a biyan kuɗin shiga, ba rajista, ba shugaba mai ba da umarni. Sharaɗin zama ɗan ƙungiya ɗaya ne, mutum ya kasance yana son barin sha. Suna bin matakai 12, kuma sabon shiga yakan zaɓi wani da ya daɗe da bari ya zama madogararsa, wanda zai kira ko da tsakar dare.

Mayu 2022 zuwa Janairu 2023: nema ta waya

Wata tara ya yi yana nema. Da ya rubuta haruffan a wayarsa, abin da ya fara fitowa na Amurka ne da Ingila. Da ya ƙara sunan Najeriya sai ga lambobin Legas. Ɗaya a kashe. Ɗaya aka ɗauka, ashe cibiya ce mai zaman kanta da ke kwantar da mutane, kuɗin wata guda ya fi albashinsa na wata shida. Ya sami wani shafi a Facebook da aka yi shekaru ba a rubuta komai a kai ba. Ya kuma ji labarin wani zama a Abuja, amma a lokacin an dakatar da jirgin ƙasa tun harin 28 ga Maris, bai dawo ba sai Disamba, hanyar mota kuwa mutane ba sa binta sai dole. Ko da lafiya lau ne, ma'aikacin sito ba zai je Abuja duk mako ba.

Sai ya gwada zama ta manhajar bidiyo ta Zoom, wanda ya yawaita tun lokacin korona. Ya shiga sau shida. Turancinsa na makarantar sakandare ne, na Amurkawa kuma da sauri da karin harshe, rabin maganar ba ya kamawa. Zaman da ake yi ƙarfe 7 na yamma a New York yana kamawa sha biyun dare ne ko ƙarfe ɗaya a Kaduna. Ga data, ga wuta da ake ɗaukewa. Babbar matsalar ita ce wuri: a ciki da falo mai mutum shida babu inda namiji zai ce "ni mashayi ne" da murya. A bakin banɗaki yake tsugunawa da abin ji a kunne, kyamara a rufe, bai taɓa buɗe baki ba.

Tambayar mutane kuwa ba ta taso ba. Wa zai tambaya, 'yan majalisa ko ladan? Sau ɗaya ya je har ƙofar ofishin hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, domin ya ji suna da sashen ba da shawara, ya hango masu kaki, ya juya. Giya ba ta cikin kayan da hukumar ke kama mutum a kansu, amma tsoro bai tsaya tambaya ba.

A watan Agusta, bayan wata huɗu da barin sha, ya koma. Daga nan sai ya sha mako biyu, ya bari kwana huɗu, ya sake komawa. Ya daina zuwa ganin likita saboda kunya.

Fabrairu 2023: hannu da hannu

Matarsa ce ta matsa ya koma asibitin. Nas ɗin nan ya tarar. Ya nuna mata bayan katin ya ce ya nema har ya gaji. Ba ta rubuta masa komai ba. Ta ɗauko wayarta ta kira wani, ta gaisa da shi, ta miƙa masa wayar.

Murya ce ta dattijo, Hausarsa irin ta bariki. Tsohon soja ne, Kirista daga kudancin jihar, shekara 11 rabonsa da giya. Bai tambayi suna ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, a ina kake aiki? To ranar Alhamis ƙarfe biyar ka tsaya a bakin titi wajen gidan mai. Ni zan zo da babur."

Ya zo. Zaman a wani ajin firamare ake yinsa, makarantar wata majami'a a Sabon Tasha. Da mutumin ya ga gicciye a saman ƙofa sai ya toge. Dattijon bai ja shi ba, ya kafe babur ya tsaya tare da shi kusan minti goma, yana ba shi labarin farashin masara, har ya taka da kansa.

Ciki maza bakwai ne da mace ɗaya, manya a kan bencinan yara, gwiwa ta kusa taɓa haɓa. Allo na ɗauke da lissafin sau bakwai da ba a goge ba. Akwai filas ɗin shayi, da gwangwanin madara da ake zagayawa da shi, mai naira 50 ya jefa, mara shi ya miƙa gaba. Ana magana da Turanci da broka da Hausa, duk wanda ya zo bakin mutum. Mai magana ba a katse shi, idan ya gama ba mai yi masa wa'azi, sai a ce an gode, na gaba ya ɗauka. Wani direba ya ba da labarin yadda yake cusa ledoji cikin safa, da ranar da ya kasa sa hannu a takardar banki saboda karkarwa, ma'aikaciyar tana kallonsa. Ɗakin ya yi dariya, irin ta waɗanda duk sun san abin. Mutuminmu ya ce a ranar ya fara jin wani ya faɗi sirrinsa da baki, kuma ba wanda ya tofar da yawu.

Bai yi magana ba sai a zama na huɗu. Idan sun tashi addu'ar rufewa yakan yi shiru. Da magariba ta riske su a zaman farko, dattijon ne ya samo masa buta ya nuna masa wani masallacin 'yan kasuwa a bakin titi, daga baya aka matso da lokacin zaman da rabin awa saboda shi.

Zaman ya shekara da shekaru ana yi, amma babu shi a intanet, babu allo a ƙofa. Da gangan ne. Ɓoye suna na cikin ginshiƙan ƙungiyar tun asali, ga kuma malamin makaranta da ma'aikacin banki a cikinsu waɗanda aikinsu zai iya tafiya idan aka ji.

Maris 2023: tambayar da ya kai wa liman

Abu biyu suka tsaya masa a rai. Na farko shiga harabar majami'a. Na biyu ya fi nauyi: ya san hadisin da ke cewa duk al'umma ana yi musu afuwa ban da masu bayyana saɓonsu, wato wanda Allah ya rufa masa asiri da dare, gari ya waye ya tona da kansa. Shin abin da suke yi ranar Alhamis ba shi ke nan ba?

Ya sami wani limami a wata unguwa da ba a san shi ba, bayan sallar la'asar. Ya ce, "Allah gafarta Malam, wani abokina ne yake da matsala." Liman ya saurara har ƙarshe. Ya ce hadisin yana magana ne a kan mai tallata saɓo don alfahari ko rashin kunya, amma mai faɗa wa likita ciwonsa, ko mai faɗa wa wanda zai taimake shi ya tuba, neman magani yake yi. Ya tuna masa cewa ita kanta giya a mataki-mataki aka hana ta, daga ayar Baƙara zuwa ta Nisa'i zuwa ta Ma'ida. Ya kawo labarin sahabin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda sha, har wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Game da ajin makaranta kuwa ya ce aji aji ne, muddin ba ibadarsu yake yi ba, kuma kada ya bar salla ta wuce shi.

Da zai tashi liman ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka gaya wa abokin naka ya riƙa zuwa yana gaishe ni."

Yuni zuwa Disamba 2023: kuɗin mota da koma-baya

Daga Fabrairu bai sake sha ba, kuma bai fasa zaman Alhamis ba sai da dalili. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. Daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, daga can zuwa Tudun Wada da dare, kuɗin mota ya ninka ya wuce. Dattijon ma ya rage hawa babur. Kamfani kuma ya sauya masa lokacin tashi zuwa ƙarfe shida. Zuwansa ya koma sau biyu a wata, sannan sau ɗaya. Akwai kuma abin da bai faɗa wa kowa ba a lokacin: hanyar zaman tana bi ta ƙofar mashaya biyu da ya shekara yana zama a ciki, kuma yanzu shi kaɗai yake wucewa a ƙafa.

A walimar ƙarshen shekara ta wurin aiki aka miƙo masa kwalba, ya karɓa. Wata 10 suka tafi. Ya yi kwana 9 yana sha.

Abu biyu suka bambanta wannan karon da na 2022. A rana ta uku ya kira dattijon da kansa ya ce, "Baba, na faɗi." Dattijon ya ce, "Na ji. Kada ka yanke kai kaɗai, gobe mu je asibiti." Bai je goben ba, sai da ya ƙara kwana shida, amma ya je. Likita ya duba shi, ya ba shi magani na kwanaki yana zuwa daga gida, ba a kwantar da shi ba. Ranar 3 ga Janairun 2024 ce ranar shansa ta ƙarshe.

2024: zama a kusa da gida

Dattijon ne ya kawo shawarar. A tsarin ƙungiyar, mashaya biyu ko uku da suka haɗu don barin sha sun isa su zama zama mai zaman kansa, ba sai an nemi izinin kowa ba. Nas ɗin ta san wasu mutum biyu daga arewacin gari da ke zuwa wajenta, tela da direban keke. Ta tambayi kowannensu shi kaɗai ko ya yarda a haɗa shi da wani, suka yarda.

Wuri ya ba su wahala. Zauren masallaci ido ya yi yawa. Teburin mai shayi kunne ya yi yawa. Suka ƙare a shagon telan, bayan isha'i, Talata da Asabar, ƙofa a saye rabi. Mai wucewa zai ɗauka majalisa ce ta masu jiran ɗinki. Da Hausa suke yi. Suna buɗewa da Fatiha, su rufe da istigfari. Ba su ne farkon Musulmin da suka yi haka ba, domin tun 1989 wasu Musulmi a Baltimore ta Amurka suka kafa Millati Islami a kan matakai 12 ɗin da aka daidaita da aƙidar Musulunci. Dattijon yakan zo sau ɗaya a wata, ya zauna kan kujerar keken ɗinki, ya yi shiru lokacin addu'a kamar yadda mutuminmu yake yi a nasu.

Dokokinsu kaɗan ne, kuma kowace sai da wani abu ya faru aka kafa ta. Ba a ba juna rance, saboda rancen naira 5,000 ya kusa raba biyu daga cikinsu. Ba wa'azi, kowa ya faɗi nasa. Wayoyi a tara su cikin faranti. Wanda ya zo a buge zai zauna ya saurara, amma ba zai yi magana ba sai wani zaman. Da azumin 2024 ya gabato a watan Maris, suka riƙa gaya wa duk sabon zuwa cewa kada ya jira ganin wata ya yanke sha, ya je asibiti tun saura mako biyu.

An yi gardama da wasu samari biyu masu shan tramadol da kodin suka nemi shiga. Telan ya ce matsalarsu daban, kuma a ƙasashen waje ma suna da tasu ƙungiyar, Narcotics Anonymous, tun 1953. Direban keke ya ce to a nan ina za su je? Aka bar su suka zauna.

A watan Yuli aka yi ɓarna. Wani ya faɗa wa matarsa sunan wani ɗan zaman, ita kuma ta faɗa wa ƙawarta, magana ta kai gidan surukan mutumin. Bai sake zuwa ba, ya kuma daina ɗaukar waya. Zama biyu aka yi ba wanda ya iya cewa komai na kirki. Tun daga nan ba a kawo sabon mutum shagon kai tsaye. Nas ke riƙe da lambar mutum ɗaya, shi zai je ya sadu da baƙon a wani wuri, su yi hira, sannan ya rako shi.

Halin da ake ciki a Satumbar 2025

Wata 20 ke nan bai sha ba. Gwajin hantarsa na baya-bayan nan ya dawo daidai. Yana nan a aikinsa, ya biya bashin mai kanti, matarsa ta san inda yake zuwa Talata da Asabar, 'ya'yan sun ɗauka majalisa ce. Har yanzu yana zuwa Sabon Tasha sau ɗaya a wata. Shi ne yanzu mai zuwa tarar baƙi.

Mutum 17 suka taɓa zama a shagon. Tara suna zuwa a kai a kai, uku jefi-jefi, huɗu sun ɓace, ɗaya ya rasu da ciwon hanta wata biyu bayan fara zuwa. Babu mace ko ɗaya, kuma shagon tela da dare ba wurin da matar aure ko budurwa za ta shiga ba ne. Matan 'yan zaman ma ba su da nasu, ko da yake irin wannan zama na iyalan mashaya, Al-Anon, yana nan a duniya tun 1951.

Abin da lamarin ya nuna

Niyya ba ta taɓa yi wa mutumin nan ƙaranci ba. Wanda ya dafa Alƙur'ani yana kuka, ya kuma yanke sha har ya kusa rasa ransa, ba za a ce bai so bari ba. Rantsuwa da rubutu sun ƙarfafa masa zuciya, sai dai ba su tanadi komai ba don karkarwar asuba, ko don ƙarfe biyar na yamma idan ya fito daga sito da kuɗi a aljihu. Ta farkon, wato karkarwar, aikin asibiti ce, kuma a ganina duk zaman da ya ce wa mai irin wannan sha ya yanke ba tare da likita ba yana wasa da rai. Ta biyun ita ce zaman ya toshe.

Cewa irin wannan zama yana aiki ba zato ba ne. A 2020 cibiyar Cochrane, mai auna sakamakon binciken lafiya, ta tattara bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565, ta gano cewa shirye-shiryen da ke kai mutane ga AA bisa tsari sun kai sauran hanyoyin ba da shawara, a wajen dawwama kan barin sha ma sun fi su. Amma a wannan lamari tambayar ba ta kai nan ba sai bayan wata 10 da sallama daga asibiti, domin zaman da ke nesa da wurin aikinsa da 'yan kilomita bai san da shi ba. Haruffa biyu a bayan kati sun kai shi Legas da New York. Kiran waya na minti uku ya kai shi ajin. Wani ƙaramin bincike da Sisson da Mallams suka yi a Amurka a 1981 ya ga irin haka: cikin mutum 20, goman da aka haɗa ta waya da ɗan ƙungiya wanda zai rako su duk sun halarci zama, goman da aka ba bayani kawai babu wanda ya je. Idan a can inda ake buga jadawalin zama a fili haka ta faru, to ina ga garin da zaman kansa yake ɓuya, mai nema ma yake ɓuya?

Koma-bayan Disamba kuma ya nuna cewa samun zama bai wadatar ba, sai ya zama wanda aljihu da lokacin aiki za su iya ɗauka duk mako, a harshen da mutum yake tunani da shi. Ajin Sabon Tasha ne ya ceto shi, shagon tela ne ya riƙe shi. Ban ga dalilin fifita ɗaya a kan ɗaya ba, tunda na biyun daga na farkon ya fito, ta hannun dattijon da ba addininsu ɗaya ba.

Inda tsarin yake da rauni shi ne ƙofar shigarsa. Duk wanda ya zo shagon, in ban da mutum uku, ta hannun nas ɗaya ya zo, kuma lambar da take kira a wayarta take, ba a cikin wani littafin asibiti ba. Likitocin sashen suna sauyawa, sababbin ba su san da zaman ba. Ita kuma saura mata shekara biyu ta yi ritaya. 'Yan zaman sun tattauna ko su ba sashen lamba ɗaya da ba ta ɗauke da sunan kowa, a manna a ɗakin ganin likita. Telan yana goyon baya, mutuminmu ma haka, amma waɗanda abin Yuli ya tsorata sun ce a dakata, kuma har zuwa Satumbar 2025 ba a yanke ba.